Bayan na Sha Huɗu

Mutaz,

Na tafi garin Simsim wajen Inna Atine, sai jibi in sha Allahu. Ban iya jiranka ba, mota za ta tashi.

Ka san mujallun zanen nan na Yaya Taha, Allah ya jiƙansa, da muka gudo da su daga Khartoum. Jerin ya kai arba'in, ban da na gefe masu bin labarin ƙanwar jarumin. Yaya kaɗai ya san inda kowacce ke shiga, yakan rubuta da fensir a cikin bango.

Ɗazu da hantsi na ga wata ta gefe da ba mu da ita wajen mai tsofaffin littattafai a kasuwa, na saya. Da na buɗe a gida sai ga rubutun Yaya, hannunsa sak: "Asha, wannan bayan na sha huɗu take. Kada ki tsallake." Na duba shekarar bugu, bara ce. Shi kuwa shekara biyu ke nan da binne shi.

Na koma wajen mutumin. Ya jujjuya ta ya ce, "Ya binti, 'yata, wallahi ban taɓa ganinta ba."

Na sa ta a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadona. Kada Umma ta gani. A shafin ƙarshe gidan nan namu na Gadarif aka zana, har da shuɗiyar ƙofar, wani yana tsaye a waje ya ɗaga hannu.

Don Allah in an ƙwanƙwasa, ka tambayi ko wane ne kafin ka buɗe.

Asha