Inna, Jikarki Ta Yi Ihu

Assalamu alaikum Inna.

Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya ƙara haskaka makwancinki, albishir na taho miki da shi. Rabi, ɗiyata ta fari, ta sauka lafiya. Mace aka samu, sunanki aka sa mata.

Amma fa ta ba ki kunya, Inna. Ihu ta yi.

Kin san yadda kuka rene mu a Maradun. Kullum cewa kike, "Ɗiyar mutunci ba a jin naƙudarta, sai dai a ji kukan jinjiri." Haka kuwa kika yi, shekarar da ruwan dam ya cinye gonar Baba. Kika shige ɗaki da hantsi, kika saki asabari, ni ina tsakar gida ina surfe. Jini ya ɓalle miki, ko tari ba ki yi ba. Da ungozoma ta leƙa ta ce sai asibitin Mafara, ga rumbu wayam, Baba ya bi gari neman abin da zai ba mai mota. Kafin ya dawo kin tafi. Har yau in gida ya yi tsit gabana faɗuwa yake.

Ke kika nace a bar ni in gama firamare, ni kuma na rantse sai Rabi ta wuce ni. Tumatirin rani da muke nomawa bakin kanal ɗin ban ruwa a Bakura shi ya kai ta sakandare.

Da ta samu ciki, ba ta taɓa fashin zuwa awo asibiti ba. Can aka gaya mata in ta ga jini kada ta jira kowa. Ranar nan da rana tsaka ta gani. Wallahi Inna, kwarmato ta yi, ta kira mijinta da sunansa gatsau, a gaban uwarsa. Bawan Allah ya watsar da kwandunan tumatir, motar da ta zo ɗaukar masa kaya ita ta kai su Mafara. Aka ƙara mata jini. Washegari na iske ta zaune tana shan kunu, tana mitar ba sukari.

Mata na ta zunɗen rashin kunyarta, ni ko guɗa na rangaɗa har muryata ta dushe. Daɗi ya kashe ni, Inna, kewarki ma haka.

Takwararki ma bakin nan gare ta, daga zaure ake jin kukanta. Na ce kada wanda ya ce mata yi shiru.

Allah Ya jiƙan ki, Ya raya mana ita, Ya sada mu a Aljanna.

Ɗiyarki,
Balkisu