Waƙar Niƙan da Ta Ci Ranka

Boɗinga,
Ranar Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa rahamarsa tana tare da kai inda kake kwance. Na san ba za ka karanta wagga takarda ba. Da za ka karanta ma, da jan biro za ka fara bin ta, kana gyara duk inda Sakkwatanci ya kufce mini, kamar yadda ka saba yi wa ɗalibanka. To yau babu mai gyara, yadda ta zo mini haka zan rubuta.

Ɗiyarmu Luba ta shiga aji ɗaya. Haƙoranta na gaba sun zube, in za ta yi dariya sai ta rufe baki da hannu. Innarka ƙafa ta matsa mata, ko gidan suna ba ta iya zuwa. Soja sun karɓi mulki bayan tafiyarka, amma layin sabulu da shinkafa yana nan yadda ka bar shi, sai dai yanzu da bulala ake daidaita shi. Injin niƙan bakin tasha ya lalace, an rasa kayan gyara, mata duk sun koma kan dutse. Kai da kake cewa inji zai haɗiye waƙoƙin niƙa, shi ya sa kake gaggawar ɗaukar su kafin tsofaffi su ƙare, ga su nan sun dawo, kowace safiya ina jin su ta bayan katanga. Ranar farko da na ji, zama na yi a bakin murhu na yi kuka har kunu ya kama.

Ka tuna yadda muka fara? Ka dawo daga jami'a da rikoda a jaka, ka ce littafi za ka rubuta a kan waƙoƙin da mata ke yi wajen niƙa da daka da raino. Na yi maka dariya, na ce to ta ina za ka shiga gidajen mutane, kai ƙato da gemu? Sai ka miƙo mini rikodar. Daga ranar nan ni ke shiga, kai kana zaune a zaure ko gindin itace kana ta surutu da maza. Ƙauyukan Danchaɗi, Dingyaɗi, har bayan Horo Birni, babu inda babur ɗinka bai kai mu ba. Ni na san fuskokinsu, kai muryoyi kawai ka sani. Kai da kanka ka kafa doka, ka ce kada in taɓa gaya maka sunan mai waƙa, domin mace in tana kan dutse tana faɗin abin da ba ta iya faɗi a zaune, kuma ba don kunnen maza take yi ba.

Kullum ina yi maka mita, ina cewa wanga aiki ba ya kawo ko gishiri, ga batir ya yi tsada. Ban taɓa gaya maka cewa ban yi kwanakin da suka fi waɗannan daɗi ba. Ina son ƙurar hanya, ina son yadda tsofaffi ke rufe fuska da zane in sun ji muryarsu ta fito daga akwati. Na so in faɗa maka, girman kai ya hana ni.

Amma Malam, kai ma ka yi wauta, kuma yau sai na faɗa. Mai ilimi kamarka, yaya za a yi ka kunna kaset a tsakiyar kasuwar Shagari, ana tsaka da yaƙin neman zaɓe? Na san dalilinka. Akwai wata tsohuwar kalma a cikin waƙar da ba ka gane ba, kuma al'adarka ce ka kunna wa dattawa su fassara maka. Kai kalma ɗaya kake bi, su kuwa waƙar gaba ɗaya suka ji. Mai waƙar tana ba da labarin wani da ƙanensa ya mutu, kafin a share makoki ya ƙwace fadamar albasar marayu, sannan takin da aka aiko wa gari ya loda shi a mota ya sayar. Ba ta kama suna ba, amma babu wanda bai san Alhaji Arzika ake nufi ba, shi da ke neman kujera a lokacin. Kafin kasuwa ta watse samarin ɗaya jam'iyyar sun ɗauke amshin, washegari suna rera shi a bayan mota da lasifika.

Ranar da aka turo maka mutane, rana tsaka ce, ka dawo daga makaranta ko alli ba ka wanke daga hannu ba. Da ka ji tsayuwar motar ka leƙa, ka dawo ka tura ni ɗaki da Luba, ka ce ko mi na ji kada in fito. Ban zauna ba. Na bar ta ƙarƙashin gado na zo bayan ƙyauren zaure, inda katako ya tsage, na ga komai.

'Yan bangar Alhaji ne, da gora da sarƙar babur, ɗaya da barandami. Babbansu wani mai tabo a wuya ya tambaye ka wace mata ce ta yi waƙar. Ka ce ba ka sani ba. Ya sa gora ya share maka ƙafafu, ka faɗi a kan gwiwa. Ya sake tambaya, ka sake cewa ba ka sani ba. Suka fito da rikodar suka farfasa ta a gabanka, suka zazzage kaset ɗin da ke kan tebur suka zuba kananzir. Sannan suka take hannunka na dama a kan dakalin ƙofa, suka bi yatsun da gindin barandami. Na ji ƙarar ƙashin, Malam, har yau in ana faskare sai in bar wurin. Sarƙar ta fasa maka kai, jini ya rufe maka ido ɗaya, farar rigarka ta koyarwa ta rine. Maƙwabta suna tsaye nesa, babu wanda ya matso, kuma ban ga laifinsu ba.

Gaskiya kake faɗa musu, ba ka sani ba. Amma ka san wadda ta sani, tana bayan ƙyaure, taku kaɗan daga inda kake. Cewa kawai za ka yi a tambayi matata. Na ga ka juyo da idon da ya rage wajen tsagar nan, ka girgiza kai kaɗan. Na cusa gefen mayafi a baki na cije. Mi ya sa ban buɗe ƙofar ba? Na tambayi kaina har na gaji.

A bayan motar albasa muka ɗauke ka zuwa asibitin Sakkwato, kanka a cinyata. Ba mu kai ba. 'Yan sanda sun zo daga baya, suka ce rikicin siyasa ne, maganar ta mutu a nan. Alhaji ya ci zaɓensa. Da soja suka zo an tsare shi 'yan kwanaki, ya dawo har da ƙiba.

Yanzu bari in karya dokarka, tunda ba ka ji. Inna Ige ce ta yi waƙar, mahaifiyar Alhaji Arzika. Shi ne ɗanta na fari, shi ya sa ko a waƙa ba ta kama sunansa ba, don kunya. Marayun nan jikokinta ne. Tana niƙa tana hawaye ranar da na ɗauke ta, da ta gama ta ce in tafi da ita can inda ake ajiye magana, ita ta gaji da riƙo. Ƙarar dutse da tsufan lasifikarmu sun ɓoye muryar, mutanen kasuwa ba su gane ta ba.

Ta zo mini gaisuwa ina cikin takaba. Ta zauna a bakin ƙofa, ta kama ƙafata da hannu biyu. Wallahi na tsane ta a ranar. Na ce a raina, ga tsohuwa ƙafa ɗaya a kabari, an kashe mini miji saboda ita. Kai ma na yi fushi da kai, fushi mai tsanani. Ina ganin ka zaɓi amanar matar da ba ka taɓa gani ba, ka bar ni da marainiya. Duk da haka ban faɗa wa kowa ba, domin na san abin da ɗanta zai iya yi mata, kuma ban so jininka ya tafi a banza.

Makon jiya Inna Ige ta rasu. Da na ji, abin da ya fara zo mini shi ne, yanzu babu sauran wanda zan kare. Na shirya na tafi gaisuwa, amma ba gaisuwa ta kai ni ba, kai ma ka san halina. Na jira har maza suka tashi alwalar la'asar, ya rage Alhaji shi kaɗai a zaure a kan darduma yana jan carbi. Na durƙusa kamar mai ta'aziyya, na ce masa ranka ya daɗe, ni ce matar malamin Boɗinga, na zo in ba ka amsar da yaranka suka nema ba su samu ba. Na gaya masa wadda aka rufe shekaranjiya ita ta yi waƙar. Na so in ga ya zube. Na daɗe ina ganin wannan rana a cikin raina.

Ko carbin bai tsaya ba. Ya dube ni, ya ce wane ɗa ne zai kasa gane muryar da ta yi masa raino? Ya ce tun ranar da aka kawo masa labari ya sa aka kunna masa kwafin da wani ya ɗauka a kasuwar, ya gane ta kafin ta kai amshi. Bai aiki yara don su gano ko wace ce ba. Ya aike su ne su gano ko akwai mai iya buɗe baki ya ce uwar Arzika ce ta tsine masa a waƙa, domin wannan magana in ta fita, ko ƙuri'ar gidansa ba zai samu ba. Ya ce sun dawo sun tabbatar masa malamin bai sani ba, kuma babu wanda ya nuna ya sani. Sannan ya ce ashe akwai wadda ta sani, ya tambaye ni ko har yanzu a gidan nan na bayan makaranta nake zaune.

Ban san yadda na kawo kaina gida ba. Duk wannan lokaci ina jin haushinka a kan tsohuwa, ashe ba ita kaɗai ka rufa wa asiri ba. Da ka ce a tambayi matata, da tare za a ɗauke mu a motar albasar nan, Luba tana ƙarƙashin gado. Ka gane haka tun kana durƙushe a ƙasa? Ko dai kawai ba ka son su taɓa ni? Wa zan tambaya?

Na kai Luba Dingyaɗi wajen yayana. Sauran kaset ɗin da na ɓoye a rumbu, da kwafin waccan waƙa, na damƙa su ga malaminka na jami'a da ya daɗe yana nema, ya ce za a ƙarasa littafin da sunanka a kai. Na zauna na faɗa masa garin kowace waƙa da aikin da ake yi da ita, sunaye ne kawai na riƙe. Tun shekaranjiya akwai wani mutum da ke wuni a gindin dogon yaron da ke kallon ƙofarmu, ba ya saye ba ya sayarwa. Yau da ya juya na ga tabon wuyansa.

Yayana ya ce in bi Luba kafin Juma'a, kuma zan bi, in an bar ni. Ka ba da yatsunka da ranka don kada a san na sani, ni kuma na ɗauki ƙafata na je na faɗa da bakina. Ka yafe mini, Malam. Allah ya haskaka kabarinka, ya raya mana ɗiyarmu ko da waninmu ne zai ga girmanta.

Sai mun haɗu,
Matarka mai taurin kai,
Hajo