Baba da Akuyar da Ba Tasa Ba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yaranmu. Allah ya yaye miki ciwon bayan nan da kika ce yana hana ki zama a wurin aiki, ya raya mana zuri'a, ya sa mu sake ganin juna da alheri. Mu nan duk lafiya lau, sai kewarku. Gwaggo ta warke daga murar da ta kwantar da ita, har ta koma yi wa kowa faɗa, ta nan muka tabbatar sauƙi ya samu. Auta kuma ya gama jarabawarsa, yanzu barci yake ramawa kamar an ba shi kwangila.

Na san abin da kike jiran ji, don haka bari in fara da ƙarshensa: an nuna fim ɗin, Baba ya kalla, kuma ga shi nan lafiyarsa ƙalau. Na zaɓi in rubuto miki maimakon in kira, saboda a waya ni da ke ba ma barin juna mu kai aya.

Ba na jin haushin maganar da kika faɗa mini lokacin da masu zanen katun suka zo neman izinin mayar da littafin Baba na labarin shamuwa fim, ni kuma na lallashe shi ya amince. Kin ce mutumin da ya taɓa yin shekara ba ya gaisawa da mai buga littattafansa saboda an sauya masa kalma ɗaya, ba zai jure a taɓa masa labari ba, ga hawan jini, ga likita ya ce a kiyaye ɓacin ransa. Kin ce in wani abu ya same shi, ni na ja. Gaskiya kika faɗa, kuma da maganar nake kwana nake tashi. Tun rasuwar Mama bai ƙara ɗaukar alƙalami ba, littafin nan shi ne abin da yake taɓawa ya ji har yanzu shi ne.

Hankalina ya ƙara tashi ranar da daraktar ta kira ni ofishinsu don in ga aikin kafin kowa. Yarinya ce da ba ta girmi Auta da yawa ba, abokan aikinta suna ce mata Mai Fensir saboda kullum akwai ɗaya maƙale a ɗankwalinta. Ɗaki ne ƙarami a saman wani shagon ɗinki, bango duk zane-zanen shamuwa, fanka tana kaɗa takardu. Yaya, ji abin da na gani. Yaron littafin, wanda ya tsinci shamuwa mai karyayyen fiffike ya yi jinyarta, sun mayar da shi yarinya. Kakan nan mai dogayen nasihohi, wanda ni da ke muka san kansa Baba ya siffanta a cikinsa, sun rufe masa baki, da ƙyar yake furta kalma biyar a fim ɗin gaba ɗaya. Sun ƙirƙiro wata akuya mai surutu da ba ta cikin littafin ko kaɗan, tana cin igiyar shanya tana tsoma baki a abin da bai shafe ta ba. Mafi girma kuma, shamuwar ba ta mutu ba. Kin tuna yadda muka sha kuka muna yara muna roƙon Baba ya raya ta, yana cewa shi ba ya yi wa yara ƙarya.

Na roƙi Mai Fensir ta gyara ƙarshen ko da shi kaɗai. Ta saurare ni da ladabi, sannan ta ce ta karanta littafin tun tana firamare har bangonsa ya yage, kuma sun gwada zana mutuwar, amma abin da ido ya karanta a takarda zuciya tana ɗauka a hankali, in an zana shi da launi a gaban ƙaramin yaro sai ya zama duka. Ta ce ba ta cire zafin ba, wurin zama ta sauya masa. Ban gamsu ba. Na dawo gida ina tunanin yadda zan hana Baba zuwa, har na ce masa wurin akwai matakala da yawa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ai ƙafafunsa ba littafi ba ne da za a yanke masa su.

Ranar nunin, da hantsi, a zauren wata makarantar firamare aka yi, an rufe tagogi da labule, yara cike a kan benci. Baba ya sa rigarsa mai ruwan toka, ya riƙo tsohon kwafinsa, ni kuma maganinsa yana cikin jakata tare da gorar ruwa. Da aka fara ya buɗe littafin a cinya yana bi da yatsa kamar mai duba jarabawa. Yarinyar tana fitowa ya yi gyaran murya. Akuyar tana fitowa ya juyo ya kalle ni, kallon da kin sani, na ji kamar in shige ƙarƙashin benci. Ni dai ban kalli allon ba, fuskarsa nake kallo.

Sai aka zo inda akuyar ta cinye tsumman da za a ɗaure fiffiken da shi, ta tsaya tana rantsuwa ba ita ba ce alhali zaren yana reto a bakinta. Zauren ya ɗauki dariya. Na ga kafaɗar Baba tana motsi, na ɗauka tari ne, ashe dariya yake dannewa. Can kuma aka nuna kakan yana ɗaure fiffiken, hannunsa yana rawa, yarinyar ta ɗora nata a kai ta riƙe masa, babu wanda ya ce uffan. A littafin, wurin nan shafi uku ne na nasiha a kan haƙuri. A nan ne Baba ya rufe littafin, bai sake buɗewa ba.

A ƙarshe shamuwar ta warke, 'yan uwanta suka zo wucewa, ta bi su. Yarinyar ta yi ta gudu a ƙasa tana kira, tsuntsuwar ko waiwaye ba ta yi ba. Aka bar ta tsaye da kwandon da ta saba kwantar da ita a ciki, babu komai sai gashi ɗaya. Aka buɗe labule. Baba ya sunkuyar da kai ya daɗe bai motsa ba. Yaya, a lokacin nan na gama sallamawa, har na zaro maganin. Sai ya ɗago ya miƙo mini tabaransa ya ce in goge masa, wai ƙurar wurin ta yi yawa. Wata 'yar ƙaramar yarinya da ke gabanmu, da aka gaya mata shi ne mai labarin, ta juyo da hawaye ta tambaye shi ko shamuwar za ta dawo. Ya ce mata shi ma bai sani ba, amma su biyu za su riƙa duba sama.

Mai Fensir ta zo ta durƙusa ta gaishe shi. Baba ya fara da cewa wannan ba littafinsa ba ne. Sai ya ce littafin ɗansa ne, fim ɗin kuma jikansa, jika kuwa ba dole ya yi kama da kakansa ba, kuma yana da izinin ja masa gemu. Ya ce shi da ya kashe tsuntsuwar so yake yaro ya san rabuwa, ita kuma ta koyar da rabuwar ba tare da gawa ba, kuma tata ta fi ciwo, don wanda ya mutu ba a jiransa. Amma kin san Baba ba ya barin mutum ya tafi da yabo zalla. Ya ce kakan nata ya cika shiru kamar an yi masa sata, kuma ƙafafun shamuwar sun yi gajarta. Ta karɓi laifin ƙafafun, ta ƙi karɓar na kakan, suka tsaya musu a bakin ƙofa har mai gadi ya fara kaɗa makullai.

Da muka dawo na auna jininsa, daidai yake, ya ci abinci har ya nemi ƙari. Yanzu ana nuna fim ɗin a makarantu, kuma mai shagon littattafai na bakin kasuwa ya ce yara suna zuwa neman littafin, wasu kuma suna dawowa da ƙorafin ba su ga akuya a ciki ba. Na gaya wa Baba. Washegari da safe ya kira ni ya ce in kawo takarda in zauna, tunda hannunsa ba ya riƙe alƙalami sosai, shi zai faɗa ni in rubuta. Labarin akuyar yake yi. Ya sa na kira masa Mai Fensir ya nemi aron akuyarta, ya kuma gargaɗe ta cewa zai sauya ta yadda ya ga dama, kada ta zo tana yi masa kuka. Kullum da safe muna yin shafi ɗaya ko biyu, yana yi yana faɗa wai ba na sa waƙafi inda ya dace. Ban san na yi kewar faɗan nan ba sai da ya dawo.

Don haka ki kwantar da hankalinki, ni ma na kwantar da nawa. Zan turo miki fim ɗin ku kalla da yara, amma Baba ya ce sharaɗi ne su fara karanta littafin. Ki gaishe mini da maigidanki, da yaranmu Babbar Yarinya da Sarkin Rigima, ki ce masa ina sane da alkawarin takalmin ƙwallo. Gwaggo da Auta suna gaishe ku. Baba yana nan kusa da ni, ya ce in gaishe ki, in kuma yi sauri in gama, wai na bar akuyarsa tsaye a tsakiyar jimla.

Taki har kullum,
Ƙanwarki