Likitan da Ya Manta Auduga a Cikina

Ña Eulogia, don Allah ki taimake ni. Kwana tara ke nan ban karanta ko shafi ɗaya ba, ni da nake cinye littafin soyayya tsakanin hantsi da yamma.

Shekarata ashirin da uku. Wata huɗu da suka wuce aka yi mini tiyata aka ciro 'yata Itatí. Dokta Fulgencio ne ya yi, aminin marigayi babana, shi ya miƙa ni a coci ranar aurena, kuma tun ina da ciki muka roƙe shi ya zama uban baftismar yarinyar, wanda zai riƙe ta a coci ranar da za a yi mata baftisma. Da na koma gida zazzaɓi ya ƙi sauka, cikina kamar an zuba garwashi. Shi ya sake buɗe ni, na warke, muka ɗauka ciwo ne ya zo ya wuce.

Waccan Lahadin sai ga shi, muna gindin mangwaro muna shan tereré, jiƙon ganye da ruwan sanyi da muke sha a ƙoƙo ɗaya bi da bi. Ya ƙi zama. Ya ce abin da ya ciro a tiyata ta biyu audugar aiki ce da ya bari tun ta farko, laifinsa ne ba na ma'aikatan jinya ba, ya rubuta hakan a fayil ɗina, yana neman afuwa. Mijina Derlis ke zuba ruwa, ƙoƙo na zagayawa. Da layi ya zo kan dokta sai Derlis ya tsallake shi, ya miƙa wa ƙanwata. Kin san ma'anar wannan a wurinmu: wanda aka hana ƙoƙo ba a maraba da shi a gidan.

Yanzu Derlis ya rantse hannun da ya manta auduga ba zai riƙe masa 'ya ba, wai kar ya manto ta a coci. Ni kuma ya ce wai littattafai sun cinye mini kai, ko yanka ni aka yi zan yaba kyan wuƙar. Surukata ta ce tsoron kotu ne ya kawo dokta. To wa zai sani da bai faɗa ba? A littattafaina tun shafin farko kin gane mugun likita da na kirki. Wannan fa? Wani lokaci tausayinsa nake ji, wani lokaci in taɓa tabon in ji kamar in kurma ihu. Saura mako uku baftisma, har an ɗinka farar riga. In tsaya masa, ko in bi mijina?

Mai tabo biyu, daga garin Villarrica

'Yata,

Ajiye zancen littafi tukuna. Dokta ya kyauta da ya zo da ƙafarsa, ya ambaci kuskuren da sunansa, bai ɗora wa na ƙasa da shi ba. Ba kowa ke iyawa ba. Amma ranar da ya ciro audugar ya kamata ku ji, ba bayan watanni ba. Ki tambaye shi dalilin jinkirin, ido da ido.

Derlis kuma ba mugu ba ne. Sau biyu ya tsaya a ƙofar ɗakin tiyata bai san ko za ki fito ba. Tsoron ne yake fitowa da baƙar magana, sai dai ki gaya masa ya bar yi miki ba'a, jikinki aka buɗe.

Ki karɓi kwafin fayil ɗinki, ki kai wa wata likita dabam ta duba ki, ta gaya miki matsayin haihuwa ta gaba. Ki tambayi asibitin abin da suka gyara don kar wata ta sha irin taki. In kin so kai ƙorafi, haƙƙinki ne, kuma bai hana ki yafe ba.

Baftisma kuwa, ku ɗaga ta, riga ba ta ruɓewa. Uban baftisma dangi ne na har abada, ba a cusa shi a gidan da aka hana shi ƙoƙo. Ki gayyaci dokta wata Lahadin, ki bar Derlis ya fesar masa da duk abin da ke ransa. In ya miƙa masa ƙoƙon da hannunsa, ku sa rana. In bai miƙa ba, ku nemo wani, ke kuma ki je da kanki ki gaya wa dokta, kamar yadda ya zo da kansa ya gaya miki.

Allah ya ƙara sauƙi, ya raya Itatí.

Ña Eulogia