Rediyon da Na Zaɓa, Baba

Assalamu alaikum, Baba.

Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fata rahamar Allah tana tare da kai a makwancinka. Mu nan Agege lafiya lau. Mama tana nan da ɗinkinta. Shagonka na gyaran rediyo da ke bakin titin jirgi yanzu wani mai sayar da caja ne a ciki.

Na rubuto in gaya maka na ci jarrabawar nan, an ba ni lasisin magana ta rediyo a gajeren zango. Har da lambar kira tawa ta kaina. Abokinka Baba Rashidi, Bayeraben nan da kuke shan shayi tare, shi ya riƙa kai ni wajen ƙungiyarsu ta masu magana ta rediyo ranar Asabar. Ni ce ƙarama, ni kaɗai ce mai hijabi, kuma a kujerar baya nake zama. Ka san halina. A rubuce babu abin da ya gagare ni, amma in aka ce in yi magana sai harshena ya yi nauyi.

Da lasisi ya fito, Mama ta tattara ragowar kayan aikinka ta kai wa Baba Rashidi. Suka yi shiri a kan zai ba ni rediyo guda a madadinsu, daga cikin tokumbo uku, wato na gwanjo, da yake da su. Guda ɗaya ce, Baba, babu ta biyu a bayanta. Ya ce in ɗauki kowacce in gwada a gida kafin in yanke.

Ta farko babba ce, mai nauyi, gabanta cike da maɓallai. Ita ce ta fi ƙarfin aika murya, amma sai da wuta tsayayya, kai kuwa ka san wutar layinmu. Ta biyu matsakaiciya ce, tana da makirfo, batir ma ya ishe ta. Ta uku ba ta fi tafin hannunka ba, kuma ba ta ɗaukar murya sam. Ƙwanƙwasa ake yi da yatsa, gajere da dogo, na can ya karanta haruffan da kunnensa.

Babbar na fara ɗauka. Ta yi kama da irin waɗanda kake shafawa kana cewa, "Wannan ƙarfe ne, ba roba ba."

Irin wannan rediyo sai da doguwar waya a sama, ita ce eriyarta. Gidanmu kuwa ɗaki na kallon ɗaki, babu fili. Na duba duk kewayen, abin da ya fi tsawo shi ne ƙarfen da ke riƙe da lasifikar masallacin bayan gidanmu. Na roƙi mai gyaran kwanon gida ya ɗaura min bakin wayar a can. Ban tambayi Baba Rashidi ba, don a ganina dabara na yi.

Aka kawo wuta bayan azahar. Na rufe ƙofa, na murɗa ƙarfin har ƙarshe, na danna makirfo. Na faɗi lambata, na faɗi sunana, na ce ina kira daga Legas. Na maimaita, na sake maimaitawa. Babu wanda ya amsa daga nesa. Sai Mama ta turo ƙofa, almakashi a hannunta, ta ce in kashe.

Ashe ladan ya bar na'urar masallaci a kunne, wayata kuma tana kwance kusa da tasu. Duk abin da na faɗa ya fito ta lasifika. An ce muryar ta fito a shaƙe kamar mai magana cikin tukunya, amma sunan ya fita sarai. Mai shayi ya ji, 'yan okada na bakin layi sun ji, masu jiran motar danfo sun ji. Muryar mace daga masallaci, Baba, kuma ta 'yarka wadda ko gaisuwa sai an matso ake ji.

Washegari yaran layi suka sa min suna Ladaniya. Iya mai gidanmu ta tsaya a bakin famfo tana cewa, "Ashe kina da baki, kika bar mu muna tausayinki." Na daina fita sai makaranta.

Liman ya zo da kansa, na ɓuya bayan labule. Na ɗauka zai ce a fitar da rediyon daga unguwa, kuma da ya faɗa, Mama ba za ta yi musu ba. Abin da ya ce kawai shi ne a sauke wayar daga ƙarfensu. Da zai tafi ya ƙara da cewa, "In dai ba salla za ta ja mu ba, ta yi abinta."

Na mayar da babbar. Baba Rashidi bai yi faɗa ba. Ya nuna min cewa ƙarfi mai yawa a unguwa mai cunkoso shiga kayan maƙwabta yake yi, kuma eriya ba ta son kusantar wayar kowa. Na ce to ya ba ni ƙaramar, ta ƙwanƙwasa. Dalilin da na ba shi shi ne ba ta cin wuta. Ya dube ni. Ya gane, ni ma na sani: da ita babu wanda zai ƙara jin muryata har abada.

Na kawo ta gida na gwada. Tana aiki lafiya, kuma na iya haruffan. Mama tana kan keke tana sauraron ƙwas-ƙwas ɗin, har ta tsayar da ƙafarta ta ce, "Agege kaf sun riga sun ji ki, kuma ba ki mutu ba. Wa kuma kike ɓoye wa?" Ta ci gaba da ɗinki.

Matsakaiciyar na zaɓa, Baba. Mai makirfo.

Mun ɗaura wayar daga tagarmu zuwa kan tankin ruwa, nesa da masallaci. Ran Lahadi da hantsi, kafin janaretocin layi su cika zangon da ƙara, na jona batir na yi kira. Na saki maɓallin makirfon, na kasa kunne. Can cikin shuu ɗin rediyon wata murya ta ɗago, wani dattijo daga Kumasi. Da Turanci muka fara. Da ya ji sunana sai ya juya Hausa, irin tasu ta Zango, ya ce, "'Yar wa ce ke?"

Na faɗi sunanka. Tun rasuwarka ban faɗe shi a fili ba. Ya ce bai ji da kyau ba, in sake. Na sake, da ƙarfi, har Mama ta jiyo daga tsakar gida. Ya ce Allah ya jiƙanka, na ce amin, ita ma ta ce amin daga can.

Allah ya haskaka kabarinka, Babana, ya yafe maka, ya sa ka huta. Ya haɗa mu a inda babu nisa.

'Yarka,
Rukayya
Agege