Rabin Tuffar Nasiru

Daren Asabar, Kiru

A shaida wa duniya cewa yau na ci rabin tuffa.

Ɗana Nasiru ne ya sayo ta a Kwanar Dangora da zai dawo hutu daga jami'a. A ƙofar gida, gaban abokaina, ya shiga bayanin bincikensa: wai ganye ke haɗa suga ya aika wa 'ya'yan, su kuma suna taɓa ƙwayar halittar bishiyar don sauya irin sugan da ke taruwa ciki.

Na ce, "Sannu Farfesan Tuffa! Ko bishiyarta ba mu taɓa gani ba a Kiru. Dawa ba ta da ƙwayar halittar ne?"

Aka yi ta dariya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba." Kafin la'asar ya ɗauki jakarsa ya koma.

Ɗazu uwarsa ta ce, "Malam, tun da likita ya hana ka mangwaro saboda ciwon suga, yaron nan yake neman ɗan itacen da za ka iya sha."

Na kira wayarsa, bai ɗauka ba. Sauran rabin ta yi ja a faranti. Ban kyauta ba.