Yaran Da Na Ba Boolong Aro

Tarrawin, watan Afrilu

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin sauƙi. Yaya hannun, yaya ƙafar? Denise, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da kai, ta ce ka fara takawa daga gado zuwa taga ba tare da an riƙe ka ba. Na gode wa Allah. Ta kuma ce tun da kunnen ya ƙi waya, gara in dinga rubutowa. To ga ni.

Gida lafiya. Ruwa dai bai sauka ba, mutane sun shuka alkama a busasshiyar ƙasa suna jiran ikon Allah. Iyalin Dufty sun sayar da gonarsu sun koma birni, yara uku ke nan suka fita daga ajina a rana ɗaya.

Baba, na karɓi horar da yaran kulob ɗin ƙwallon garinmu, 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar. Ba don na fi kowa ba, don ba wanda ya ɗaga hannu ne. Ka san abin da hukumar gasar yankinmu ta yanke: duk kulob ɗin da ya kasa kai ƙungiyar yaransa ƙarshen kakar bana, za a haɗe shi da maƙwabcinsa. Namu maƙwabcin kuwa Boolong ne. Ba sai na gaya wa mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana horar da Tarrawin abin da hakan ke nufi ba. Za a rufe filinmu, rigarmu mai baƙi da ruwan ɗorawa ta koma cikin akwati.

Yara goma sha ɗaya suka zo ranar farko, a wasan ƙwallon nan namu na hannu da ƙafa da ake yi da mutum goma sha takwas. Hukumar ta ce muddin muna da goma namu na kanmu, za mu iya fita, abokan karawa su cika mana sauran da aro kamar yadda aka saba. Da na baza su a filin nan, sai suka zama kamar kaji a gonar da aka girbe. Wani yaron sai ya yi rabin awa a baya yana tsinkar ciyawa, ƙwallo bai zo inda yake ba.

Sai na tuna abin da aka koya mana a kwas ɗin masu horarwa a Bendigo bara. Na yanki kusurwa ɗaya ta filin, na kewaye ta da robobin alama, na raba su huɗu da huɗu, sauran su jira su canji wanda ya gaji. Doka ɗaya ce: sai ƙwallo ya ratsa hannun mutum uku kafin a buga shi tsakanin sanduna. Baba, da ka ga yadda suka farka! A ɗan wurin nan ba inda yaro zai ɓuya. Ko ya cafe, ko ya miƙa da dunƙulen hannu, ko a kayar da shi. Kade Nuske, ɗan Sharon mai sayar mana da abinci ranar wasa, shi ya fi shan wuya. Ƙafarsa ta fi ta wasu manya ƙarfi, amma bai san akwai wani a filin ba sai shi. Yanzu in ya sheƙa ƙwallon da ƙarfi sai ya faɗa waje, dole ya ɗaga kai ya nemi ɗan'uwansa.

Abokinka Kawu Merv, wanda har yanzu shi ne shugaban kulob, ya jingina da shinge yana kallo. Ya ce, “Leanne, 'yar nan, wannan ƙwallo ne ko wasan 'yar tsana? Ubanki sai yaro ya zagaya filin nan har ya yi amai kafin ya taɓa ƙwallo.” Na ce, “Kawu, zamanin Baba in biyar sun yi amai sun gudu ba wanda zai lura. Ni ɗaya ya gudu na shiga uku.” Ya yi dariya har da tari, amma bai yarda ba.

Ka ci abinci, ka ji? Ka gaishe min da Denise.

'Yarka mai ƙaunarka,
Leanne


Tarrawin, ƙarshen Mayu

Babana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya sanyin Bendigo? Na ga saƙonka da Denise ta rubuta a bayan kati, “Su dinga gudu.” Suna gudu, Baba, na rantse. Sai dai da ƙwallo a gabansu suke yi.

Ba mu ci wasa ko ɗaya ba tukuna. Amma duka ya ragu. Da farko ana lallasa mu ne har mai juya allon maki ya gaji, yanzu sai a zangon ƙarshe ake tsere mana, lokacin da yarana suka ƙare don ba mu da masu canji.

Ranar Asabar mun je Boolong. Suka ba mu aron yara huɗu, kuma ka san waɗanda ake bayarwa: waɗanda ba a damu da su ba, masu zaman benci. Haka kowa ke yi, haka kai ma ka yi a zamaninka. Muka sa musu rigarmu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yarana ba su ware su ba. Sun saba da neman mutum na uku, duk wanda ke tsaye babu mai tsaronsa shi za a miƙa wa. Wani ɗan siririn yaro na Boolong, wanda aka ce bai taɓa cin ƙwallo ba tun da ya fara wasa, ya ci mana ɗaya. Uwarsa tana cikin mota a bakin fili, ta danna hon ta ƙi saki, ta manta garinsu aka ci.

Bayan an tashi, kocinsu Wal Harmer ya zo ya same ni ina shan miyar kabewa. Ya ce, “Malama, me kike ba yaran nan ne? Kamar da zare aka ɗaure su.” Na faɗa masa komai, har na zana masa a ƙasa da tsinke. Na san za ka ce ba a koya wa Boolong komai. Ni malama ce, Baba, in an tambaye ni bakina ba ya rufuwa.

Abu ɗaya ke damuna. Jiya Sharon take gaya min cewa Kade bai taɓa rera waƙar kulob bayan wasa ba, don tun yana ƙarami bai taɓa shiga ƙungiyar da ta yi nasara ba. A bakin manya kawai yake jin ta. 

Ruwa ya ɗan yayyafa, bai jiƙa ƙasa ba. Allah ya ƙara sauƙi.

Taka,
Leanne


Tarrawin, watan Yuni

Zuwa ga Babana abin ƙaunata,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta mutanen ɗakinku. Denise ta ce tari ya kama ka. Don Allah ka bar musu gardama a kan magani.

Akwai abin da ya faru, kuma tun daga ranar hankalina bai kwanta ba.

Makon jiya ba mu da wasa. Mura ta kwantar da yaran Boolong da yawa, ga shi za su kara da waɗanda ke saman teburin gasar. Wal ya bugo yana neman aron yara uku na rana ɗaya, hukumar kuma ta amince. Kawu Merv ya ce in ƙi. Ya ce, “Boolong ko tsani ka ba su aro, da ƙafa ɗaya zai dawo. In kuma dole ne, ki ba su na benci, kamar yadda suke ba ki.” Na ce, “Kawu, ina na ga benci? Mu goma sha ɗaya ne.”

Amma na gane abin da yake nufi, kuma ban bi ba. Mutanen nan sun cika mana fili ba sau ɗaya ba, in ba don aronsu ba da tuni mun faɗi. Na ga bai dace in rama da ragowa ba. Ba zan ɓoye maka ba, akwai kuma son a gani: ina so Boolong su san irin yaran da Tarrawin ke fitarwa. Na ɗauki Kade, da Tilly Jaensch wadda ba a taɓa ƙwace ƙwallo a hannunta ba, da Lachie Pohlner, na kai su da motata.

Baba, ban taɓa ganin su a cikakkiyar ƙungiya ba sai ranar. Ciyawa kore shar, motoci sun kewaye filin, ga masu canji suna jira. Su ukun suka kama tsakiyar fili suka mayar da ita ɗan wurin atisayenmu na ranar Alhamis. Tilly ta tsinto, ta ba Lachie, Lachie ya ba Kade, Kade kuwa ya ɗaga kai ya duba kafin ya buga. Na tsinci kaina ina ihu, ni 'yar Noel Petschel, ina yi wa shuɗiyar rigar Boolong ihu. Boolong suka ci.

Na bi su ɗakin canza kaya don in kwaso nawa. Na tarar an yi da'ira, kowa ya rungumo kafaɗar na kusa da shi. Ka san al'adar: duk wanda ya yi nasararsa ta farko, tsakiya ake tura shi. Wani yaro ya yi ihu, “Kai, 'yan aro, ku shigo mana! Ko a garinku ba a koya muku waƙa ba?” Aka tura su ukun ciki, ana kwarara musu ruwa a ka, ana dukan bango. Kade bai san baitin farko ba. Da aka zagayo karo na biyu, muryarsa ta fi ta kowa. Ban taɓa ganin fuskar yaron nan haka ba.

Muka kama hanyar dawowa. Da muka wuce rumbunan alkama na bakin gari, sai na ji Lachie yana rera waƙar a hankali, bai ma san yana yi ba.

Wataƙila ba komai ba ne. Ka yi min addu'a.

'Yarka,
Leanne


Tarrawin, watan Agusta

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan ka kwana lafiya, ka yafe min shirun da na yi. Denise ta ce kullum kana tambaya ko takarda ta zo. Na fara wannan sau da yawa ina yagawa.

Kwana kaɗan bayan wasan nan, Sharon ta zo makaranta bayan an tashi. Ta zauna a kan ƙaramar kujerar yara, gwiwoyinta a sama, ta kasa kallona. Ta ce Kade yana so ya koma Boolong, kuma Wal bai roƙe su ba, yaron ne da kansa. Ta ce, “Leanne, ni a shagon abincin nan na tsufa, uwata ma haka. Amma ki gaya min gaskiya, ba a matsayin koci ba, a matsayin malamarsa. In ɗanki ne, a ina za ki bar shi?”

Da na ce ya zauna, da ya zauna. Na san haka. Sharon ba ta taɓa tsallake maganata ba. Amma yaron yana da abin da zai iya kai shi nesa, kuma masu neman 'yan wasa daga birni ba sa zuwa kallon yara goma sha ɗaya da ake duka kowane mako. Na ce mata in nawa ne zan kai shi Boolong. Ta yi kuka, ni ma na yi. Kafin a rufe sauya kulob a ƙarshen Yuni ya tafi. Tilly da Lachie suka bi shi, iyayensu suka ce mota ɗaya ce, hanya ɗaya ce.

Muka rage takwas. Na bi gida gida har gonakin bayan layin dogo. Na samo yaro ɗaya mai shekara tara, uwarsa ta ga girman waɗanda zai kara da su ta mayar da shi mota. Na roƙi hukumar ta sauko da adadin, ko ta bar mu mu ari ɗaya mu yi wasan tara da tara a rabin fili, tun da ba mu kaɗai ke ƙarewa ba. Suka ce shawara ce mai kyau, za a duba ta baɗi. Asabar uku a jere ba mu fita ba, aka cire mu daga gasar.

Yara takwas ɗin ba su daina zuwa ranar Alhamis ba. Huɗu da huɗu, daidai wa daida. Ba su taɓa yin kyau kamar yanzu ba, kuma ba wanda zai gani.

An yi taron kulob ranar Talata. Ba a yi hayaniya ba, abin da ya fi min ciwo ke nan. Aka karanta takardar hukumar, aka ɗaga hannu, aka gama. Daga baɗi sunanmu zai bi bayan na Boolong, a filinsu, da rigarsu. Manyan 'yan wasanmu za su buga wasansu na ƙarshe a gida ranar Asabar ta sama, daga nan a cire sandunan. Ba wanda ya ambaci sunana. Da ake fita, Kawu Merv ya tsaya yana neman makullin motarsa a aljihun da ba ya ciki. Ya ce, “Kin iya koyarwa, 'yar nan. Kin iya ƙwarai. Ga shi mun gani.” Har yanzu ban san ko yabo ne ko zagi ba, ina jin shi ma bai sani ba.

Ya kuma ce kada a gaya maka. Duk sun yarda a kan haka: a bar Noel ya ƙarasa kwanansa yana zaton Tarrawin na nan. Na yi kwanaki ina juya maganar. Ba zan iya zuwa in zauna a gefen gadonka kana tambayata maki ina ƙirƙiro maka ba. Kulob ɗinka ne. A hannuna ya ƙare, kuma daga bakina ya kamata ka ji.

Ban ce na yi daidai ba, Baba. Amma in Sharon ta sake zama a kan kujerar nan ta yi min tambayar, amsar da zan ba ta ke nan. Na faɗa maka wannan ne don kada ka yafe min bisa zaton na yi nadamarsa.

Ranar Lahadi zan taso bayan coci. In ba ka son ganina tukuna, ka sa Denise ta bugo min, ba zan ji haushi ba. In ban ji wayarta ba, zan zo.

Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
Leanne